Zuciya ta bushe, addu'a ta yi nauyi: ina mafita?

'Yar Zonkwa, Jidda:
Salama 'yan'uwa. Nan babu coci, Lahadi ma ranar aiki ce. Idan zuciya ta bushe ƙamas, addu'a ta gagara, me ake yi?

Maman Biyu, Riyad:
'Yata, fara duba barcinki. A 1 Sarakuna 19, da annabi Iliya ya karaya, barci ya yi, mala'ika ya ciyar da shi sau biyu, kafin Ubangiji ya yi masa magana a dutsen Horeb. Mai aikin dare kan ɗauki gajiya a matsayin zunubi, ta ƙara da azumi, abin ya tsananta. Ki ajiye azumin tukuna. Minti 10 kullum, lokaci guda, ki karanta Zabura 42 ko 63 a bayyane. Ranar da kalma ta ƙare, Zabura 88.

Dattijo, Dammam:
Gaskiya ne Mama. Kaɗaici ma yana busar da zuciya. Juma'a hutu ce, ki samu 'yar'uwa ɗaya ku yi addu'a cikin ɗaki, ba hayaniya.

Maman Biyu:
Idan ya wuce mako 2, ba cin abinci, ba barci, ga yawan kuka, ki ga likita.