Yaya ake sayen keke a Gusau wajen 1930?

Jama'a, a taimaka mini. Ina rubuta wasan kwaikwayo da ɗalibaina za su yi, labarin wani manomi da ya sayar da gyaɗarsa a Gusau, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso garin. Da kuɗin a aljihu ya nufi kanti.

Fitowar sayen tufafi ba ta ba ni wahala ba: ya taya alawayyo da akoko, ya gwada jar dara a kansa, ya ga ta fi ƙarfinsa, ya koma wa haɓar kadarsa. Lissafi kuwa fam da sule da kwabo ne.

A kan keke na maƙale. Keken Raleigh daga Nottingham ta Ingila ake kawo shi, kamfanonin Turawa irin su UAC (United Africa Company) da John Holt kuma na da kantuna a garuruwan layin dogo. To talaka yana shiga kai tsaye ya biya akawu, ko sai ta hannun dillali? A haɗe keken yake zuwa, ko a akwati sai makaniki ya harhaɗa? Ana ba da bashi zuwa kaka?

Wanda ya ji daga bakin kakanninsa, don Allah ya faɗa mini, har da farashi in ya riƙe.