Amina: mai amana ce ko mai aminci?

Malam Lawal, Kwarbai: Assalamu alaikum. Ana yawan cewa ma'anar Amina ita ce mai riƙon amana, kuma shi ne sunan mahaifiyar Manzon Allah (SAW). An gwamutsa sunaye biyu ne. Tushensu ɗaya, hamza da mimun da nunun, amma ginin ya bambanta. Sunan mahaifiyar Annabi آمنة ne, ana jan alifin farko, a bisa sikelin fa'ila mai jan "fa": wadda take cikin aminci, ba tsoro tare da ita. Kalmar tana cikin Suratun Nahli, aya ta 112, inda aka siffanta wata alƙarya da zama cikin aminci da natsuwa. Ɗayan kuwa أمينة ne, ana jan "mi", macen Aminu ke nan, mai amana. Mu a Zazzau na biyun muke furtawa alhali na farkon muke nufi, kuskuren da iyaye suke yi ke nan.

Hajiya Rabi, Tudun Wada: Wa'alaikumus salam. Allah gafarta Malam, nahawun ba ja, amma kalmar "kuskure" da ake liƙa wa iyaye ce ban yarda da ita ba. Bahaushe ya daɗe yana sarrafa sunayen Larabci su zauna a bakinsa. Khadija ta koma Hadiza da Dije, Maryam ta zama Mairo, A'isha ta zama Indo. Uban da ya ce wa liman ranar suna a raɗa wa 'yarsa sunan mahaifiyar Annabi, niyyarsa a fili take, ko ya ja "a" ko ya ja "mi".

Malam Lawal: Hajiya, Dije ba ta da wata ma'ana dabam a Larabci, shi ya sa ba ta rikita kowa. Nan kuwa canjin furuci ya kai mu ga wata kalma mai zaman kanta. Duka biyun sunaye ne masu kyau, ba wanda ya ce a sake yanka rago. Amma a san wanne aka sa.

Malama Hadiza, Samaru: Inda abin yake cizo a rubutu ne. Boko ba ya nuna jan wasali, don haka sunayen biyu Amina suke fitowa. Ajami da Larabci kuwa dole ka zaɓa: ko madda, alamar jan wasali, a kan alifi, ko ya'un bayan mimun. Malamin Islamiyya zai rubuta abin da kunnensa ya ji, أمينة, takardar sauka ma ta fito da shi. Idan iyaye sunan mahaifiyar Annabi suke nufi, su faɗa tun ranar rajista.

Sai kuma wutsiyar sunan. "Tu" ɗin Aminatu ba ƙari ba ne na Hausa, ta'un marbuɗa ce, harafin ƙarshen sunayen mata a Larabci, da wasalinta, wadda Balarabe yake sauke ta idan ya tsaya a kan kalmar. Daga nan Aminat ta Yarbawa da Aminata ta Senegal da Mali suka fito. Yarinya sai ta tashi da Aminatu a takardar haihuwa, Amina a firamare, Ameena a lambar NIN saboda ta ga ya fi ƙayatarwa. Ranar cike JAMB, wadda take ɗauko suna daga NIN, sai ya ƙi dacewa da na WAEC. Gyaran yakan kai ga takardar rantsuwa a kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida. Harafin da aka sa a takardar haihuwa, shi za a riƙe har fasfo.

Bashir, Sabon Gari: Ni fa ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki. Sunan nan a ƙasar Zazzau Sarauniya Amina ce ta ba shi farin jini. 'Yar Bakwa ta san rana! Ga ganuwar Amina, ga ɗakin kwanan ɗalibai mata na ABU da sunanta, ga makarantar 'yan mata a Kaduna.

Malama Hadiza: Malam Bashir, ita Sarauniyar daga ina ta samo shi? Sunan ya riga ta da ƙarnuka. Aminatu 'yar Wahbi, mahaifiyar Annabi, ta gidan Banu Zuhra, ta rasu a Abwa'u Annabi yana ɗan shekara 6. Sarauniya kuwa, kundin tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda cikin ƙarni na 15, wasu masana kuma suna kai ta ƙarni na 16. Sannan Aminata Touré da ta yi firaministar Senegal daga 2013 zuwa 2014, da ɗimbin Aminonin Bosniya da Somaliya, ai ba don Sarauniyar Zazzau aka sa musu ba.

Bashir: Na ji wannan. Amma ɗan Zazzau da ya sa wa 'yarsa Amina yau, ba za ki raba shi da tunanin Sarauniya ba, ko da sunan kakarsa ya mayar.

Hajiya Rabi: In sunan kaka ko uwa aka mayar, ai ba ma za ka ji Aminar a gidan ba. Ummi ko Mama za a riƙa kiranta saboda alkunya, sunan yanka sai a rajistar makaranta. Malam Lawal, to ita Sarauniyar, da madda za a rubuta ta ko da ya'un?

Malam Lawal: Yadda Zage-zagi suke kiranta, da ya'un ne.