Tapestry na Carole King, don Allah mene ne sirrinsa?

Ɗan_Tudunwada:
Salam 'yan uwa masu jin tsofaffin waƙoƙin Turawa. Kwanan nan na kama sauraron albam ɗin Carole King na 1971 mai suna Tapestry kuma wallahi na kasa ajiye shi, musamman It's Too Late da So Far Away. Abin da ya ɗaure min kai shi ne muryarta ba irin gagarumar muryar nan ta su Aretha Franklin ba ce, wani wurin ma sai ka ji kamar za ta shaƙe, kiɗan kuma babu hayaniya, fiyano ne a gaba sai ganga da bes suna binsa a hankali, amma duk da haka yana shiga raina fiye da waƙoƙin da aka kashe musu kuɗi. Masana mene ne sirrin? Kuma in na gama da shi wanne zan nema mai irin wannan fiyanon?

Baba_Mai_Faifai:
Wa alaikumus salam yaro, ka faɗa hannu mai kyau. Sirrin yana cikin tarihinta. Matar nan ta shafe kusan shekara goma a New York tana rubuta wa wasu waƙa ita da mijinta na lokacin Gerry Goffin, ita ke tsara kiɗa shi kuma ya sa baiti, tana da shekara 18 waƙarsu Will You Love Me Tomorrow da The Shirelles suka rera ta hau lamba ɗaya a Amurka. To aikinta a lokacin shi ne ta zauna gaban fiyano ta rera gwaji a kai wa mawaƙa su ji ko za su ɗauka. Bayan aurensu ya mutu ta koma Los Angeles, kuma Lou Adler da ya shirya Tapestry ya so albam ɗin ya fito kamar waɗancan gwaje-gwajen nata, ba kwalliya ba ƙari. Shi ya sa kake jin kamar a ɗakinka take zaune. Ko hoton bangon ka duba, tana zaune bakin taga ba takalmi ga kyanwarta a gefe.

Kuma mutane sun karɓe shi fa, sati 15 yana saman Billboard, jadawalin faifan da suka fi kasuwa a Amurka, a 1972 ta kwashi lambar yabon waƙa ta Grammy guda 4.

Yar_Zinder:
Baba ya faɗi gaskiya amma ni ina ganin an fi yawan maganar muryar ana mantawa da hannunta. Ɗan uwa ka sa abin kunne ka koma waƙar farko I Feel the Earth Move, ka bar muryar ka bi hannun hagu kawai, dukan fiyanon take yi kamar mai daka a turmi, ita ke riƙe da kiɗan gaba ɗaya mai ganga binta yake yi. Sai ka tsallaka So Far Away ka ji yadda hannun nan ɗaya ya yi laushi yana barin sarari tsakanin sauti da sauti. Wanda ya rubuta waƙa da kansa ya san inda zai danna da inda zai saki, wannan ba a koya wa ɗan haya a sutudiyo.

It's Too Late kuma Toni Stern ce ta rubuta baitocin, mace ce ke cewa soyayya ta ƙare ba zagi ba kuka ba ɗora laifi, a 1971 fa. Ni wannan waƙar ce ta kama ni.

Sarkin_Kaset:
Ni dai zan ɗan saɓa muku a wuri ɗaya. Natural Woman da ta rufe albam ɗin da ita, ta Aretha ta 1967 ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ko da yake Carole na cikin waɗanda suka rubuta ta. Haka You've Got a Friend ni ta James Taylor na fi so.

Yar_Zinder:
Yaya Sarki ta Aretha kam ba a ja, amma ai ba gasa Carole ta shiga ba, fiyano da bes kawai ta bari ta rera ta yadda ta fito daga hannunta tun farko. James Taylor ɗin ma yana cikin Tapestry yana kaɗa jita, shi da Joni Mitchell suka yi mata amshi a Will You Love Me Tomorrow da ta rage wa gudu har ta koma tambayar babbar mace wadda ta riga ta ga aure ta ga rabuwa.

Ɗan_Tudunwada:
Kai na gode sosai, maganar hannun hagun nan yanzu na gwada, gaskiya ne wallahi. Saura na gaba fa?

Baba_Mai_Faifai:
Nemi Blue na Joni Mitchell, shi ma 1971 ne kuma a sutudiyon A&M inda aka ɗauki Tapestry aka ɗauke shi a kusan lokaci ɗaya, ka fara da River don fiyanon. Daga nan Madman Across the Water na Elton John, can ne Tiny Dancer take, sai dai shi akwai goge da yawa ya fi nauyi, ka ba shi lokaci kar ka yanke hukunci a jin farko.