Shawarwarin tsofaffin hannu ga mai son zama kyaftin ɗin jirgin kamun kaguwa a Alaska

Bakinsu ya zo ɗaya: daga yaron jirgi ake farawa, ana sara kifi ana ɗaura shi don jawo kaguwa cikin kejin ƙarfe, wato tarkon kama ta, mai nauyin sama da kilo 300. Babu albashi, kaso ake samu bayan an cire kuɗin mai da abinci, don haka a karanta yarjejeniya kafin barin tashar jiragen ruwa ta Dutch Harbor. Sun fi jan kunne kan ƙanƙarar da ke daskarewa a jikin jirgi: a farfasa ta da guduma, ko a rage yawan keji don sauƙaƙa nauyi, in ba haka ba tekun Bering ya kifar da ku. Wasu suka ce a tanadi wata sana'ar, kuma da gaskiyarsu: a 2022 an rufe kakar kamun kaguwar ƙanƙara (nau'in da ake kira snow crab) a tekun Bering ɗungurungum.