Jaket ɗin Barbour ko tafiyar ƙanƙara? Ku ba ni shawara

Ɗan Gwale: Salamu alaikum. Sati na biyar ke nan a jami'ar Durham ta Ingila, shekarar farko. Mu takwas ne a ɓangarenmu na ɗakin kwana, biyar irin yaran nan ne da ake ce wa rah, 'ya'yan masu shi da suka fito daga makarantun kuɗi na kwana. Kowa da koriyar jaket ta Barbour da zobe a ƙaramin yatsa, hira kuwa ba ta wuce ƙasashen da suka yawata kafin su shigo jami'a. Yanzu an buɗe rajistar zuwa Faransa wasan sulu a ƙanƙara. Fam 700 suka rage mini bayan haya. In sayi jaket ɗin da baƙar kwat ta liyafar kwaleji, ko in ba da kafin alƙalami na tafiyar? Ba maganar sanyi nake ba, ina da rigar sanyi.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Sanyin arewacin Ingila ba wasa ba ne ƙanina. Je Primark ka ɗauki mai kauri, fam 40 ta ishe ka.

Ɗan Gwale: Yaya, na ce fa ina da ita.

'Yar Damagaram: Sabuwa tana kai fam 280. Amma kamfanin a South Shields yake tun 1894, kusa da ku, kuma suna da shagon rangwame a yankin.

Na Malam: Wane 280? Fam 65 na sayi tawa a Vinted.

'Yar Damagaram: Taka gwanjo ce, Malam.

Tsohon Ɗalibi: Ai gara gwanjon. Ni na yi wannan wautar, a wata jami'a a kudu da ba zan faɗi sunanta ba. Na haɗa kuɗin aikin dare na wata guda na sayi sabuwa dal, tana ƙamshin kaki. Ranar da na sa ta, wani a teburinmu ya shafa hannun rigar ya ce, kai, sabuwa ce! Sauran suka yi ɗan murmushin nan nasu. Sai a lokacin na lura da tasa: gwiwar hannu ta koɗe, aljihu da faci, ta kakansa ce da yake fita harbin tsuntsaye da ita. A wurinsu sabon abu shi ke nuna jiya ka zo. Takalminsa kuwa ko almajiri sai ya yi tunani kafin ya karɓa.

Ban daddara ba, na bi su tafiyar ƙanƙara. Kuɗin da aka rubuta a takarda somin-taɓi ne. Ga hayar takalma, ga tabarau, ga kuɗin koyo, ga bizar Schengen ta shiga Faransa da su ba ruwansu da ita. Su tun suna shekara huɗu ake kai su, ni ina can ƙasa da 'yan koyo ina faɗuwa. Da dare shaye-shaye ne har asuba, ni da lemo a hannu kamar mai gadi. Na dawo da bashin fam 900 da targaɗe. Bayan mun gama, ko ɗayansu bai taɓa nemana ba. Tambayarsu ta farko kullum ita ce wace makaranta ka yi, kuma sakandare suke nufi. In ba ka ce Eton ko Harrow ko ire-irensu ba, jaket ba ta amsa maka.

Kwankwason Jimina: Ɗan Gwale, kawo jaket ɗin Kano mu ba akuya ta kwana a kai sati biyu, ka koma ka ce ta kakanka ce.

Hajiyar Leeds: Allah ya shirye ka. Amma Tsohon Ɗalibi, ka yi musu kuɗin goro. Ƙawata ta kusa a jami'ar St Andrews irinsu ce, gidansu da dawaki, kuma da azumi ita ke ajiye mini abinci. Kwat ɗin liyafa dai ka saya, don za ka sa ta sau da yawa. Ɗana fam 90 ya samu tasa.

Na Malam: Haya ake yi Hajiya, fam 50.

Hajiyar Leeds: Haya sau uku nawa ke nan?

Tsohon Ɗalibi: Da girmamawa Hajiya, digiri na biyu kika yi, shekara ɗaya, kina da aure. Ba ki zauna ɗakin kwana da 'yan shekara 18 ba.

Baban Ilham: Kai ma ai ka fi shekara goma da gamawa. Lokacinka Jack Wills ake yayi, yanzu wa ke sa ta?

Bazazzagi: Abin da ke ba ni mamaki, 'yan makarantun kuɗi kusan kashi 7 cikin 100 ne kawai na yaran ƙasar, amma a wasu kwalejojin sai ka rantse su ne kowa. Turawan ma abin na damunsu, har ƙungiya suka kafa a jami'ar Bristol a 2016, 93% Club, ta waɗanda suka yi makarantun gwamnati. Ɗan Gwale, leƙa can, za ka ga Baturen da shi ma bai san cokalin da ake fara ɗauka ba.

Kwankwason Jimina: Zoben fa? A sa masa tambarin gidansu: buhun gero da carbi.

Ɗan Gwale: To ni dai har yanzu ban ji ba, jaket ko tafiya?

'Yar Damagaram: Tsaya tukuna, ka kama gidan baɗi? A Durham tun kaka ake rububi, a 2022 har kwana ɗalibai suka yi a layi a ƙofar dillalai. Kuɗin nan naka na kafin alƙalamin gida ne.

Bazazzagi: Nan ne ma ciwon. Su uba ya sa hannu a matsayin mai tsaya musu, shi ke nan. Ni da ba ni da kowa a ƙasar, mai gida cewa ya yi in kawo hayar wata shida a dunƙule. Ga fam 776 na lafiya duk shekara, ga aiki ba a yarda ka wuce awa 20 a sati ba lokacin karatu.

Na Malam: Wata shida? Ka yi sa'a. Ni shekara aka nema, kuma har yau fam 300 na ajiyata suna hannun mutumin, wai na ƙona kafet da turaren wuta.

Hajiyar Leeds: Ka ƙona ɗin ko ba ka ƙona ba?