Mai gida ya ƙara mini jika 15 lokaci guda, in tashi ko in tsaya?

Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah ina neman shawara. Ciki da falo nake haya a unguwar Bukoki nan Yamai, jika 35 (sefa dubu 35) a wata, kontar wuta ɗaya muke rabawa mu gida biyar, ba ni da bashin ko dala. Jiya mai gida ya aiko yaronsa wai daga wata mai kamawa jika 50 ne, wanda bai iya ba ya kawo makulli, akwai masu jira. Ba mu da takarda tsakaninmu, da baki muka yi. Yara biyu suna lekol nan kusa. Mi ya kamata in yi?

Tsohon ma'aikaci: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka yi fushi ka riƙe kuɗin haya, nan ne zai samu bakin magana. Ci gaba da biyan 35 ɗinka, amma daga yau duk biya ya sa maka hannu a takarda, ko ka biya gaban shedu. Ƙasar ga tana da dokar haya tun 1996, mutum ba ya watso maka kaya waje don ya ga dama, sai an bi ta shari'a.

Uwar ƴan biyu: Hmm Malam ni dai kar ka yi saurin tashi. Mu mun bar Lazare mun koma can bayan Ayeropor don gidan ya fi araha, to abin da muka rage a haya kabu-kabu da faba-faba sun cinye shi, maigidana sai ya yi sallar asuba ya kama hanya, ga dillali ya karɓi nashi, ga abansi wata uku kafin ka aje ko tabarma.

Mai shago a Wadata: Ku riƙa yi wa masu gida adalci fa, gyara da tsada.

Uwar ƴan biyu: Wane gyara Alhaji? Ba a 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti ba? Wa ka ji ya rage haya? Gidaje ne ba su isa ba, tun ambaliyar 2020 mutanen Harobanda da Saga da yawa suka hauro neman tudu, masu kuɗi kuma sai bila suke ginawa a Kwara Kano. Mafi ƙarancin albashi jika 42 ne, ɗaki ya zama 50, a ci mi?

Tsohon ma'aikaci: Ku haɗa kai ku biyar ɗin, ku ɗauki limamin masallacinku ko mai unguwa ku same shi da kansa, ban da yaron nan. Ku nemi ƙarin ya tsaya jika 5, kuma wannan karon a rubuta.

Mai tambaya: Na gode Baba, Allah ya saka. Maƙwabta uku sun yarda, bayan la'asar ran Juma'a za mu je.