Ina sa takunkumi saboda Mama, amma 'yan dubiya na jin haushina

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Mahaifiyata tana wankin ƙoda ga kuma ciwon suga, kuma gida ɗaya muke da ita. Tunda aka ɗage dokar sa takunkumi kowa a wajen aikinmu ya yar da nasa sai ni kaɗai, ga shi korona ta sake yawo mutane sai tari suke a ofis, har tsokanata ake wai tsoro ya min yawa, ni kuma wallahi ba don kaina nake sawa ba, gudun kar in kwaso in kai mata ne. Abin da ya fi damuna ma 'yan dubiya, in na miƙa musu takunkumi a bakin ƙofa sai ka ga fuska ta canza, wata gwaggonmu har cewa ta yi ƙyamarta nake. Ya zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Ki ci gaba da sawa 'yar uwa. Mai wankin ƙoda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko rigakafi aka masa ba ta kama shi kamar yadda take kama mai lafiya, kuma matsalar cutar nan mutum zai iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji ko da ciwon kai ne, to kin ga "ai lafiyata ƙalau" ba hujja ba ce. In da hali ki nemi irin takunkumin da ake ce wa N95, ya fi na ƙyalle nesa ba kusa ba, amma banda mai ɗan murfin nan a gefe, shi numfashinki yake fitarwa ba tacewa. Ki matse ƙarfen a karan hanci, in ya jiƙe ki canza.

Wani ɗan uwa:
Ni fa ina ga an wuce wajen nan, ai tun watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama da korona.

Ma'aikaciyar jinya:
A'a malam, matakin gaggawa suka cire, ba su ce cutar ta ƙare ba. Kai da ni za mu iya yin mura kwana kaɗan mu miƙe, Mama kuwa sai gadon asibiti.

Wata dattijuwa:
'Yata ki daina tarar mutane da shi a ƙofa, nan ne kunyar take. Tun a waya za ki faɗa musu, ki ce saboda jikin Mama ne kowa ma sawa yake har ku 'yan gida, kuma su zo su same ki da naki a fuska. Ita gwaggo ki bar babban yayanku ko Mama da kanta ta mata magana, babba ba ya son yaro ya sa masa doka. Ku buɗe tagogi in an zo, mai tari kuma ya yi haƙuri ya gaishe ta ta waya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Hajiya, Allah ya saka da alheri. To yara fa? Akwai mai zuwa da goyo.

Ma'aikaciyar jinya:
Kar a sa wa ɗan ƙasa da shekara 2, zai iya toshe masa numfashi. Uwar ta sa nata, ta zauna da shi ɗan nesa da gadon kusa da taga.